Me za mu kira "muscle car" da Hausa?

'Yan'uwa, tun jiya wata kalma ta tsaya min a rai. Ƙanena ya turo min bidiyon wata Dodge Challenger ƙirar 1970 ana tayar da ita, ya ce, "Yaya, irin waɗannan da Amurkawa ke ce wa muscle car, mene ne sunansu da Hausa?" Na rasa amsar da zan ba shi.

Mu fara sanin motar tukuna. Ana ɗaukar bodin mota matsakaiciya mai ƙofa biyu, a cusa mata injin babbar mota mai fulogi takwas, ƙarfin ya tafi tayoyin baya, a sayar da ita a farashin da matashi mai albashi zai iya kaiwa. Haka kamfanin Pontiac ya yi a 1964, lokacin John DeLorean na babban injiniyansu: suka sa injin lita 6.4 a jikin motarsu Tempest, suka kira ta GTO. Sauran kamfanonin Detroit, birnin ƙera motoci na Amurka, suka ce ba za a bar su a baya ba. Chrysler ya fito da injin Hemi 426, lita 7, ƙarfin doki 425. A 1970 Chevrolet ya saki Chevelle SS 454 mai doki 450.

A bidiyon nan, murfin shan iskar injin ya leƙo ta wani rami a tsakiyar bonet, yana karkarwa tun motar na tsaye. Ƙarar kuwa ba santsi gare ta ba, tana fita ne dum-dum, da ɗan tsallake, kamar ana buga tambari. Dalili shi ne yadda aka ƙera karanshaf ɗin: fashewar mai ba ta zuwa bi da bi daidai a kowane ɓangaren injin, sai hayaƙin ya riƙa fita ta salansa a cuccure. Wannan gurnani shi ke riƙe da zukatan masoyanta har yau, tare da sauƙin gyara. Kafireta ce, babu kwamfuta, mutum da sifanarsa zai kwance ya ɗaura a ƙofar gida.

To, suna. "Mota mai tsoka" ta faɗi tun a baki, domin Bahaushe na jin tsoka sai hankalinsa ya tafi wurin mahauci. "Motar ƙarfi" kuma tifa da tirela za ta kawo wa mutum. "Motar tsere" kuskure ne: waɗannan na titi ne, da lamba, ana zuwa aiki da su, kuma ba su da gwaninta a kwana.

Wani dattijon bakanike da nake kai wa gyara ya ce, "Ɗana, ka ce ingarma kawai." Na ce, "Baba, wallahi ta yi daɗi." Har ma tana da abokiyar tafiya, tunda Amurkawa na kiran ajin Ford Mustang da sunan ƙaramin doki, wanda mu muke ce wa kuru. Inda ta gaza a wurina shi ne, duk wata jibgegiyar mota ana iya ce mata ingarma, har jif ɗin zamani.

Ni dai na tsaya a kan "motar ƙwanji", jam'i "motocin ƙwanji". Ƙwanji ba ƙarfi kaɗai ba ne, ƙarfi ne da ake nunawa. Muna cewa an nuna ƙwanji, an gwada ƙwanji. Abin da samarin Detroit ke yi ke nan a titin Woodward da dare: motoci biyu a gaban danja, ana ba su wuta, fitila na sakin hanya a taka totur har taya ta yi hayaƙi.

Na gwada ta a jimla don in ji ko za ta zauna. "Dokar tsabtace iska ta 1970, tsadar inshora da takunkumin mai na 1973 su suka karya kasuwar motocin ƙwanji." "Dodge ya daina ƙera Challenger a ƙarshen 2023, amma tsofaffin motocin ƙwanji sai ƙara daraja suke a wurin gwanjo." Ban ji harshena ya yi tuntuɓe ba.

Na tura wa ƙanen nawa. Makanikai da direbobi, ku ne kunnuwanku suka fi namu sanin inji, ku faɗa ta da baki ku gaya min yadda kuka ji ta.