Wanda ka taimaka ya fara gudunka: me kuka gani da idonku?

Tsohon ma'aikaci:
Assalamu alaikum. Shekara 6 da suka wuce ƙanin wani abokina ya rasa aikinsa, ga mata ga 'ya'ya, sai na ɗauki wani ɓangare na nauyin gidansa har tsawon wata 8, daga baya kuma na yi masa hanya ya samu wani aikin. Yanzu Allah ya buɗa masa, amma idan muka haɗu a taro sai ya gaishe ni a tsaitsaye ya wuce, idan na kira shi a waya kuma sai ya ce zai neme ni, shiru. Ban taɓa jin ya faɗi mummunar magana a kaina ba, gudu na kawai yake yi, kuma abin yana damuna fiye da yadda nake nunawa. Ina roƙon duk wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya faɗa mana abin da ya same shi da kansa.

Malamar makaranta:
Wa alaikumus salam, Baba. Ni 'yar ƙanwata na riƙe, na ɗauki nauyin karatunta har ta kammala, kuma bayan ta fara aiki sai ta ɗauke ƙafa daga gidana. Na shekara biyu ina kiranta butulu a zuciyata, har ranar da mahaifiyarta ta zaunar da ni ta ce, "Yaya, duk inda yarinyar nan ta shiga cikin dangi, labarin kuɗin makarantarta ya riga ta isa." Gaskiya ta faɗa. Ina ba da labarin ne da sunan alfahari da ita, amma idan na bi diddigin zuciyata, kaina nake yabo, ita kuma abin da take ji shi ne ana tona talaucin gidansu a gaban kowa. Na sha karanta aya ta 264 a Suratul Baƙara, wadda ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, amma ban taɓa kawo kaina a cikinta ba, domin na ɗauka gori sai an yi shi cikin faɗa. Ashe ana yin sa da fara'a.

Wanda aka taɓa taimaka:
Ku ba ni dama in yi magana daga ɗaya ɓangaren, domin ni ne irin mutumin da Baba yake kuka da shi. Lokacin da jarina ya karye, wani dattijo da muke mutunci ya biya mini bashin da ya kusa kai ni gaban alƙali. Ranar da na je wurinsa na yi kuka a gabansa, kuka irin wanda matata ma ba ta taɓa ganin na yi ba. Bai gaya wa kowa ba, bai taɓa yi mini gori ba, kuma duk da haka na shekara 4 ina kauce wa hanyar da na san zan gamu da shi.

Ba mantawa na yi ba. Da mantawa na yi, da na iya zama kusa da shi hankali kwance. Abin da ke faruwa shi ne duk lokacin da na ga fuskarsa sai in ga kaina durƙushe a wancan ɗakin, alhali na sha wahala kafin in sake zama mutumin da ake tashi a gaishe shi. Sannan ban san yadda zan zauna da shi ba: idan na yi raha sai in ji kamar na raina abin da ya yi mini, idan na sunkuyar da kai kuma sai in ji na koma jiya. Na mayar masa da kuɗinsa tun tuni, amma rufin asirin da ya yi mini ba shi da ma'aunin da zan biya da shi, kuma wannan ne ya fi yi mini nauyi. Ban ce na kyauta ba, ban kyauta ba ko kaɗan. Ya rasu ina ta cewa gobe zan je, kuma har yau babu sallar da nake idarwa ban sa shi a addu'a ba.

Ɗan kasuwa:
Allah ya jiƙansa. Amma kada mu wanke kowa da sunan kunya, domin akwai butulci na gaske. Na ba wani amini rance ba rubutu ba shaida, da lokacin biya ya zo ya dube ni ido da ido ya ce kyauta na ba shi, ya kuma bi mutane yana cewa na cika son abin duniya. Wannan ɓata ni yake yi don kada a saurare ni idan na yi magana. Bambancin da na lura da shi shi ne mai jin nauyi yana gudunka bakinsa a rufe, butulu kuwa sai ya ƙirƙiro maka laifi. Tun daga lokacin nake aiki da aya ta 282 a wannan sura ta Baƙara, komai kusancinmu sai an rubuta.

Ɗalibar nazarin halayyar ɗan Adam:
Abin da Malam da dattijo ya biya wa bashi ya bayyana game da kansa tsohon al'amari ne. Tasitus, masanin tarihin Rum da ya rayu tsakanin ƙarni na 1 da na 2 miladiyya, ya lura cewa mutum yana jin daɗin alheri muddin yana ganin zai iya ramawa, idan kuwa ya fi ƙarfin ramawa sai godiya ta iya juyewa ƙiyayya. Benjamin Franklin na Amurka ya gwada akasin haka: wani ɗan majalisar Pensilbaniya yana adawa da shi, maimakon ya yi masa hidima sai ya nemi aron wani littafi mai wuyar samu daga wurinsa, ya mayar bayan kamar mako guda da takardar godiya, daga nan suka zama abokai har mutumin ya rasu. A 1969 masu bincike biyu, Jecker da Landy, sun gwada haka, suka ga waɗanda mai binciken ya roƙa da kansa su mayar masa da kuɗin da suka ci a gasa sun fi sauran jin ƙaunarsa.

Na kawo wannan ne domin na gwada shi. Wata ƙawata ta ja baya da ni bayan na tsaya mata a wata doguwar jinya, sai na daina yi mata aike, na roƙe ta ta duba mini rubutun bincikena, abin da ta fi ni iyawa nesa ba kusa ba. Ta yi shi da himmar da ta ba ni mamaki, kuma tun daga ranar ta koma kirana da kanta. A ganina, Baba, mutuminku yana neman ƙofar da zai shigo wurinku a matsayin mai bayarwa ne, ku kuma ba ku taɓa buɗe masa ita ba.

Tsohon ma'aikaci:
Na gode muku duka. Maganar Malama ta taɓa ni, domin da na zauna na tuna, na ba mutum biyu labarin, ɗayansu kuma surukinsa ne. Jiya na kira ƙanin abokin nawa na ce takardun fanshona sun rikice mini a kwamfuta, ina neman taimakonsa, kuma gaskiya ne sun rikice. Bayan la'asar sai ga shi. Ya zauna kusan awa 2 yana gyarawa, ba mu ta da maganar baya ba, kuma har ya tashi bai saki jiki sosai ba. Da zai tafi ya ce akwai sauran takarda ɗaya, zai dawo da ita ranar Asabar. Ina so idan ya zo in nemi afuwarsa game da abin da na gaya wa surukinsa, sai dai ina tsoron kada ta da maganar ya sake korar shi. Malam da ya yi magana daga ɗaya ɓangaren, da kai ne, za ka so a faɗa maka ko a bar ta?