Otal mai wurin wasan yara a Abuja: keken Hajiya zai shiga?

Uwargida, Tudun Wada:
Salamu alaikum. Hutun Sallah muke son kai yara Abuja, mu sauka a otal mai wurin shilo. Hajiyarmu ta ce ƙafarta ƙafar jikokinta, ga shi tun ciwon shanyewar ɓarin jiki a keken guragu take. Otal ɗin sun ce "akwai hanya". Me zan ƙara tambaya kafin in biya?

Malami, Samaru:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kar ki yarda da zancen baki. A auna ƙofar banɗaki a turo miki hoto ta WhatsApp. Keken manya yakan kai santimita 65, ƙofar ta zama aƙalla 80. Ki duba ko akwai dandamali a bakin wurin wanka, nan ake shan wahala, don sai an ɗaga ta cak.

Yaya, Sabon Gari:
Ɗakin ƙasa kawai. In an ɗauke wuta, lif sai janareta ya tashi.

Malami, Samaru:
Kuma dokar masu buƙata ta musamman da Buhari ya sa wa hannu a 2019 ta bai wa gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara. Wa'adin ya wuce, haƙƙinta ne.

Uwargida, Tudun Wada:
Na gode, Allah ya saka. Gobe zan kira su.