Tsara manhajar koyar da yara 'yan aji 6 zuwa 8 a gida a birnin New York

Maman Sadiya

Assalamu alaikum warahmatullah. Muna zaune a Bronx shekara 9 ke nan, kuma ni da maigidan mun yanke shawarar cire yaranmu biyu daga makarantar gwamnati domin mu koyar da su a gida daga watan Satumba. Babbar tana da shekara 12, za ta shiga aji 7, ƙaninta kuma yana da 11, zai shiga aji 6. Dalilinmu bai wuce biyu ba: haddar yarinyar ta tsaya a izu 20 tun da aikin gida na boko ya cinye mata yammacinta, shi kuma yaron ya iya karanta Turanci da sauri amma idan aka ce ya rubuta abin da ya fahimta sai ya kasa haɗa jimla uku masu ma'ana.

Na yi karatun NCE a gida kafin aure, saboda haka aji ba baƙona ba ne, amma ban taɓa tsara manhaja da kaina ba, domin a can manhaja daga sama take zuwa, malami aikinsa ya bi ta. Abin da nake nema shi ne wanda ya san tsarin nan ya nuna mini daga ina zan fara, waɗanne darussa ne wajibi, sa'a nawa ake bukata, kuma yaya zan saka Alƙur'ani da Larabci da Hausa ba tare da na tauye boko ba. Akwai kuma yiwuwar mu koma Kano nan da shekara uku ko huɗu, ba na so yaran su je can su rasa ajin da za su zauna.

Hajiya Uwar Marayu

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, Allah ya yi jagora. Na koyar da yara uku a gida a wannan jihar, kuma shawarata ita ce kada ki sayi littafi ko ɗaya sai kin zauna kin karanta dokar, domin New York tana cikin jihohin da suka fi sa ido a kan wannan harka. 'Yan'uwanmu da ke Texas ba sa kai wa kowa rahoto, kuma darussa biyar kacal dokarsu ta ambata, don haka idan wata daga can ta ce miki abin ba shi da wata ƙa'ida, gaskiyar jiharta ta faɗa miki.

Dokar da ke aiki a kanmu ita ce sashe na 100.10 na ƙa'idojin kwamishinan ilimi. Za ki aika da takardar sanar da niyya zuwa ranar 1 ga Yuli, ko kuma cikin kwana 14 da fara koyarwar idan a tsakiyar shekara kika fara. Daga nan sai ki cika takardar tsarin koyarwa ta kowane yaro, wadda suke kira IHIP, ki mayar zuwa 15 ga Agusta ko cikin mako huɗu da samun fom ɗin, duk wanda ya fi nisa. A cikinta za ki rubuta ajin yaro, da littattafai ko tsarin da za ki bi a kowane darasi, da sunan mai koyarwa, da ranakun da kika zaɓa na kai rahoto sau huɗu a shekara. Idan a wani zango ba ki kai kashi 80 cikin 100 na abin da kika tsara ba, sai kin yi bayani a rubuce, shi ya sa nake gargaɗin sababbi da kada su cika takardar da buri. Shekarata ta farko na jera littattafai tara a darasin kimiyya kaɗai, na sha wahalar da ni na jawo wa kaina.

Ki lura cewa yaranki biyu ba ƙa'ida ɗaya ce ta hau kansu ba. Ɗan aji 6 yana cikin rukunin firamare, ana bukatar sa'a 900 a shekara, ita kuwa 'yar aji 7 sa'a 990, dukansu a kan kwana 180, wato sa'a 5 gare shi, 5 da rabi gare ta. A aji 7 da 8 a haɗe, doka ta nemi ma'auni biyu-biyu na Turanci, da lissafi, da kimiyya, da tarihi tare da labarin ƙasa, sannan rabin ma'auni na zane da rabi na kiɗa, sai motsa jiki da kiwon lafiya da sana'ar hannu da sanin amfani da laburare, waɗanda aka ce a riƙa yin su a kai a kai. Ma'auni ɗaya minti 6,480 ne, wato sa'a 108.

To ki ɗauki biro ki yi wannan lissafin, domin shi ne ya kwantar mini da hankali. Manyan darussan nan huɗu, sa'a 108 kowanne, sun tashi sa'a 432 a shekara, wanda bai wuce minti 36 a rana ga kowane darasi ba. Idan kika cire 432 daga 990, saura 558. A cikin wannan ragowar ne ƙananan darussan za su shiga, kuma a cikinta ne na saka Larabci da Hausa a matsayin harsuna, da hadda da tajwidi a matsayin ƙarin darasi, kuma ba a taɓa dawo mini da takarda a kan haka ba. Batun kiɗa, wanda na san zai tsaya miki a rai, mu mun cika shi da tarihin kakaki da algaita da kalangu a fadojin sarakuna, da karin waƙoƙin Hausa rubutattu, da yadda sauti yake tafiya a iska.

Abu na ƙarshe shi ne gwajin ƙarshen shekara. Daga aji 4 zuwa 8 kina iya bayar da bayanin ci gaban yaro a rubuce shekara ɗaya, amma shekarar da ke biye sai ya zauna jarrabawar da jiha ta amince da ita, irin su Iowa ko Stanford ko CAT, kuma ana so ya wuce kashi 33 cikin 100 na sa'o'insa a faɗin ƙasa, ko ya nuna ci gaban shekara guda.

Malam Mai Alli

Na gaishe ku. Hajiya ta gama da ɓangaren doka, ba ni da abin ƙarawa, sai dai ina jin tsoron kada minti 36 ɗin nan ya zauna wa Maman Sadiya a rai a matsayin abin da ya wadatar. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da hukuma za ta karɓa, kuma ni da na shekara 22 ina koyar da lissafi ban taɓa ganin yaron da ya ƙware da minti 36 a rana ba. A ba lissafi sa'a guda cur kowace safiya, a ba rubutu kusan haka, sauran darussa su yi haƙuri da abin da ya rage.

Hanyar tsara manhaja a wurina ita ce a fara daga ƙarshe a dawo baya. Ki tambayi kanki inda kike so yarinyar ta kasance a watan Oktoba na aji 8, domin a wannan kakar ce ake zana jarrabawar SHSAT, wadda da ita kaɗai ake shiga manyan makarantun sakandare na musamman guda takwas na birnin, har da Bronx Science da Stuyvesant da Brooklyn Tech. Sa'a uku ake yi, Turanci da lissafi, kuma yaran da ke karatu a gida a cikin birnin suna da damar zama. Wannan yana nufin 'yarki ba shekara biyu gare ta ba, wata 13 ne ko 14 daga ranar da za ku fara. Ko da ba ku da niyyar waɗannan makarantu, ku sani cewa jihar ba ta ba wanda ya gama sakandare a gida takardar shaidar kammalawa irin ta makaranta, don haka gara a bar ƙofar komawa aji 9 a buɗe.

Kafin ki zaɓi littafi, ki gwada kowannensu a kan kasa abu kashi-kashi, irin su sulusi da rubu'i da yadda ake tara su da raba su, da lissafin kashi cikin ɗari, da lambobin da ke ƙasa da sifili. A nan ne ramin yake. Yaron da bai iya raba uku bisa huɗu da rabi ba, duk aljabarar da aka ɗora masa rushewa za ta yi, kuma na ga iyaye da yawa suna gaggawar kai ɗa aljabara don a ce ya wuce sa'o'insa. Idan gwajin ya nuna giɓi, ki koma littafin aji 5 ba tare da jin kunya ba, wata uku ya isa a cike shi.

Game da littattafai, tsarin Saxon yana ba da darasi kaɗan-kaɗan yana maimaita na baya kullum, ya dace da yaro mai mantuwa da kuma uwar da ba ta da ƙarfi a lissafi, tsarin Singapore kuwa yana tsayawa a kan batu ɗaya har ya zauna, yana amfani da zane wajen warware tambaya, amma yana bukatar mai koyarwa da ya fahimci abin da kansa. Ki ɗauki ɗaya ki riƙe shi har shekara ta ƙare. Shafin koyarwa na intanet mai suna Khan Academy kyauta ne kuma yana da amfani wajen bita, amma ban yarda a bar yaro da kwamfuta a ce ya yi lissafi ba, sai na ga aikin a takarda. Shi kuma yaron da bai iya rubutu ba, maganinsa ya karanta shafi biyu, ya rufe littafin, ya ba ki labarin da baki, sannan ya rubuta shi a sakin layi ɗaya, ki gyara, ya sake rubutawa, kullum.

Baban Khalifa

Malam, Allah ya ƙara basira, amma ina da ja a kan gina komai bisa SHSAT, tun da baiwar Allah ta ce akwai maganar komawa Kano. Tsarin ajujuwa na nan da na gida ba su hau kan juna daidai ba. Abin da ake kira makarantar tsakiya a nan aji 6 zuwa 8 ne, a Najeriya kuwa aji 6 shi ne ƙarshen firamare, ƙaramar sakandare kuma ta yi daidai da aji 7 zuwa 9, ana rufe ta da jarrabawar BECE. Haka yake a Gana ma, ga waɗanda gidansu Kumasi ne ko Nima. Lissafi da kimiyya da Turanci za su bi yaro duk inda ya je, amma yaron da ya sauka Kano bai san jihohi 36 ba, bai iya rubuta wasiƙa da Hausa ba, kuma ya saba da inci da fam maimakon mita da kilo, zai sha dariya a aji. Ku sa wani ya aiko muku da littattafan ƙaramar sakandare da aka rubuta bisa manhajar NERDC, hukumar da ke tsara manhajar makarantu a Najeriya, na zamantakewa da na Hausa, ku ba su sa'a biyu a mako.

Tarihi ne darasin da na fi jin daɗin koyarwa, domin yara biyu masu tazarar shekara ɗaya suna iya yin sa tare, kuma wannan zai rage miki aiki sosai. Doka ta nemi tarihin Amurka da na jihar New York da kundin tsarin mulkinsu kafin a gama aji 8, amma ba ta hana a haɗa shi da namu ba. Mu mun fara da Mali da hajjin Mansa Musa na 1324, muka bi Songhai da biranen Hausa har jihadin 1804, sannan muka bi mutanen da aka kwaso daga Afirka ta Yamma zuwa nan. Na kai yarana maƙabartar 'yan Afirka da aka gano a ƙasan Manhattan a 1991, muka karanta cewa bauta ba ta ƙare a jihar nan ba sai 1827, kuma suka ji labarin Umar ɗan Sa'idu, malamin Futa Toro da aka bautar a Carolina, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831. Daga ranar ɗana ya daina tambayata amfanin koyon Larabci a Amurka. Cibiyar Schomburg ta binciken tarihin baƙar fata da ke Harlem tana kusa, gidan tarihin halittu da ke Manhattan kuma mazauna jihar suna biyan abin da ya sauwaƙa, kuma duk waɗannan fitar ana lissafa su cikin sa'o'in karatu.

Abin da zan ƙara shi ne ku lissafa Ramadan da sallah biyu tun kuna zana jadawali. Kwana 180 ake nema cikin 365, don haka kuna iya sassauta boko a watan azumi ku rama a sauran watannin shekarar karatun. Kuma ku nema wa yaron ƙungiyar ƙwallo ta unguwa ko ta masallaci, saboda a jihar nan mai karatu a gida ba ya shiga ƙungiyar wasan makarantar gwamnati.

Maman Sadiya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya, na yi lissafin da kika ce, kuma ko da na ba lissafi da rubutu sa'a guda-guda kamar yadda Malam ya nema, akwai sauran fiye da sa'a 400 ga babbar. Mun yi magana da wani malamin hadda a Kano da zai riƙa sauraronta ta intanet da ƙarfe 7 na safe agogon nan, wanda ya yi daidai da 12 na rana a can lokacin zafi, ƙarfe 1 kuma idan an mayar da agogo baya a Nuwamba. Jiya na gwada su a kan raba uku bisa huɗu da rabi, yaron ya samu, yayar ce ta kasa, abin da ban zata ba.

Malam, tambayata ita ce, shin in haɗa su a littafin lissafi ɗaya tun da matakinsu ya zo kusa, ko hakan zai karya mata gwiwa ganin ƙaninta yana gaba da ita?

Malam Mai Alli

Kada ki haɗa su. Ki ba ta littafin wani tsari dabam da nasa domin kada su riƙa gwada lambar shafi, ki zauna da ita ita kaɗai minti 20 bayan haddar safe a kan kashi-kashin nan har zuwa ƙarshen Nuwamba, sannan ki sake gwada ta da tambayoyi goma sababbi. Idan ta ci takwas, ku shiga littafin aji 7.