Abin da aka tattauna kan karatu da wasan kalma, a taƙaice

1. Kusan kowa ya yarda cewa tsayar da lokaci ya fi ƙirga shafi amfani: minti 20 kullum, waya tana wani ɗakin. Mai jiran sai ya samu hutu, littafinsa kan yi wata a shafi ɗaya.

2. Kan littafin da ya gundure ka, nan aka rabu. Wasu sun ce a ba shi shafi 50, in bai ja ka ba a rufe. Wasu kuma sun ce littattafan tarihi kan yi nauyi a farko kafin su warware, don haka saurin ajiyewa asara ce. Na fi karkata ga na biyun.

3. Rubutu a gefen shafi, da fensir, ban da littafin aro.

4. Littafin da aka fi so, yawanci wanda aka maimaita ne.

5. Wasan kalma: mutum ya faɗi kalma, na kusa da shi ya kawo wadda ta fara faɗo masa cikin daƙiƙa 5, kamar ruwa, kogi, kwale-kwale. Wanda ya maimaita ko ya makara ya fita. Wasan kan lalace in 'yan wasa suka yi yawa, domin dogon jira kan sa mutum ya shirya amsa kafin layi ya zo kansa.