Kafin alƙalamin fam 3,000 ya maƙale a hannun kamfanin mashaya a Ingila, ana iya karɓo shi?

Ɗan Leeds:

Jama'a barkanmu da warhaka. Ina neman shawarar waɗanda suka san dokar kasuwanci a Ingila. Ƙanena ne ya nemi riƙon wata mashaya ta wani babban kamfani, irin tsarin nan da gini da kaya da lasisi duk na kamfani ne, kai kuma ka kula da wurin, ka ɗauki ma'aikata, a riƙa ba ka kaso daga cinikin mako. Bayan ganawa suka ce ya tura fam 3,000 a riƙe masa wurin, ya tura ta banki. Da cikakkiyar yarjejeniya ta iso, ya ga albashin ma'aikata daga kasonsa zai fita, in an samu giɓi a kaya kuma shi zai cike, sai ya fasa. Bai sa hannu a babbar takardar ba, bai karɓi makulli ba. Wata 'yar takarda mai shafi biyu kawai ya sa wa hannu ranar ganawar. Yau mako biyar ke nan, sun ce kuɗin ba ya dawowa. Haka abin yake? Ta ina zai fara?

Mai Lissafi:

Malam, maganar duka tana cikin shafi biyun nan. A ɗauko takardar, a haɗa ta da duk imel ko saƙon waya da aka yi kafin tura kuɗin, a duba da wane suna aka karɓe su. Dokar Ingila ba ta yi wa kuɗin da aka biya tun farko kuɗin goro.

Akwai kafin alƙalami na ainihi, wanda aka bayar bayan an ƙulla ciniki don tabbatar da cewa ba za a janye ba. Wanda ya janye ya yi asararsa, ko da ɗaya ɓangaren bai rasa ko kwabo ba. Tun shari'ar Howe da Smith ta 1884 ake kan haka. Akwai kuma kuɗin jingina, kuma a irin wannan tsari na riƙon mashaya galibi shi ake karɓa: kamfani yana ajiye shi ne saboda ranar da za a ƙidaya kaya a ga ganguna ko kwalabe sun gaza, ko kuɗin aljihun tebur bai cika ba. Mutumin da bai taɓa riƙe makulli ba, wane giɓi za a cire masa? Dalilin riƙe kuɗin bai ma taso ba.

Sai na ukun, wanda nake zaton shi ne naku: kuɗin da aka biya ana tsakiyar tattaunawa, ba a kai ga ƙulla yarjejeniya ba. A duba saman takardar ko ƙasanta ko akwai kalmomin "subject to contract". Ma'anarsu babu abin da ya hau kan kowa sai an sa hannu a cikakkiyar yarjejeniya. A shari'ar Chillingworth da Esche ta 1924, mai saye ya ba da kuɗi a kan irin wannan sharaɗi, ya janye don raɗin kansa, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a mayar masa. Abin da ke ɓata wannan hujja shi ne a samu wani sakin layi a 'yar takardar da ya faɗa ƙarara cewa kuɗin ba ya dawowa in mai nema ya janye, domin wannan kan iya zama ƙaramar yarjejeniya mai cin gashin kanta.

'Yar Manchester:

Bari in toshe wasu hanyoyi da ake ɓata lokaci a kansu. Kwana 14 ɗin nan na canja shawara haƙƙin mai sayayya ne don amfanin kansa, ƙarƙashin ƙa'idojin 2013. Ƙanenka a matsayin ɗan kasuwa ya shiga, bai shafe shi ba. Hukumomin da ke ajiye kuɗin jinginar 'yan haya su ma na gidajen kwana ne. Ita kuma Pubs Code ta 2016, wato ƙa'idar hulɗar kamfanonin mashaya da 'yan hayarsu, ta shafi kamfanonin da ke da mashaya 500 ko fiye na 'yan haya masu ɗaurin sayen abin sha daga wurinsu, a Ingila da Wales. Mai riƙo a kan kaso, wanda ba ya biyan haya kuma kayan ba nasa ba ne, sau da yawa ba ya shiga wannan rukuni, don haka kada a dogara da ofishin mai sasanta ta.

Abu biyu nake so ka tambaye shi. Kamfanonin nan sukan sa mai riƙo ya buɗe nasa ƙaramin kamfani. Da sunan wa aka sa hannu, daga asusun wa kuɗin ya fita? In kamfaninsa ne ya biya, kamfanin ne mai ƙara, kuma kada ya kuskura ya rufe shi a Companies House, ofishin rajistar kamfanoni, kafin kuɗin ya dawo, domin dukiyar kamfanin da aka soke ta zama ta Masarauta, har da bashin da yake bi. Na biyu, an riga an tura sunansa ga ƙaramar hukuma a matsayin mai kula da sayar da giya a wurin? In an tura, ya rubuta wa sashen lasisi a cire shi, kamar yadda dokar lasisi ta 2003 ta ba shi dama. Kada a yi wata ɓarna a wurin sunansa yana jikin lasisi.

Ɗan Leeds:

Allah ya saka da alheri. Mun duba. Kalmomin nan uku suna sama da manyan baƙaƙe. Amma sakin layi na 6 ya ce in mai nema ya janye, kamfani zai iya cire abin da ya kashe wajen horo da binciken mai nema. Kwana biyu ya yi a horon. Daga asusunsa na kansa ya biya, bai buɗe kamfani ba, sunansa kuma bai je kan lasisi ba.

Baban Ƙasa:

To ɗan'uwa, kuna da ƙarfi. Sakin layi na 6 ɗin ma naku ne: tunda ya ce a cire abin da aka kashe, ya nuna ragowar mai ita ce da ita. Ba wurin da ya ba su damar haɗiye duka.

Ya daina kiran waya. Ya rubuta wasiƙar gargaɗi kafin ƙara, shafi ɗaya ya isa: ranar da ya biya, adadin, ranar da ya janye, kalmomin da ke saman takardar, da sakin layi na 6 yadda yake. Ya nemi lissafin abin da suka kashe dalla-dalla tare da rasit, ya ba su kwana 14 su biya ragowar, ya ce in ba haka ba sai kotu. Ya aika ta gidan waya da shaidar isarwa, ya kuma tura ta imel. A nan mutane ke tuntuɓe: sunan da ke jikin allon mashaya sau da yawa ba shi ne sunan kamfani a doka ba, kuma manyan nan suna da rassa barkatai. Ya ɗauki sunan da ke kan takardar, ya tabbatar da shi da adireshin rajista a Companies House, kyauta ne. Hukunci a kan sunan da ba daidai ba wahalar banza ce.

In suna jan ƙafa wajen ba da takardu, yana da haƙƙin neman duk bayanan da suke riƙe da su a kansa ƙarƙashin dokar kare bayanai, wata guda ke gare su su amsa. Ta nan akan ga imel ɗin cikin gida da ke nuna ranar da suka ba wani mutum wurin.

Wa'adi ya cika ba amsa, sai Money Claim Online, shafin kotu na shigar da ƙarar kuɗi ta intanet. Duk abin da bai wuce fam 10,000 ba yakan tafi layin ƙananan ƙararraki, ba sai da lauya ba. Daga fam 1,500.01 zuwa 3,000 kuɗin shigar da ƙara fam 115 ne, na zaman sauraro 181. A lura da wannan: doka ta yarda a nemi kuɗin ruwa kashi 8 cikin ɗari a shekara, wato kusan fenni 66 a rana a kan fam 3,000, amma ana haɗa shi da uwar kuɗi wajen lissafin kuɗin kotu. Da ya haura 3,000 ko da fam ɗaya ne, shigarwa ta koma 205, sauraro 346. Barin ruwan ya fi arha. A dai duba jadawalin ranar biya, yakan canja. Kamfani yana da kwana 14 ya amsa, ko 28 in ya sanar da kotu ya karɓi takarda. In sun musanta, tun Mayun 2024 dole ne a fara bi ta sulhun waya na kyauta, na kimanin awa guda. Wa'adin shigar da ƙara shekara shida ne, amma kada ya bari abin ya yi sanyi.

Mai Lissafi:

Na yarda da Baban Ƙasa, sai dai kada ku sa rai da 3,000 cif. Horon kwana biyu da binciken bashi abubuwa ne da za su iya kawo wa rasit, alƙali kuma zai bar musu. Abin da za a ƙi shi ne lissafin da aka kumbura: albashin manajan yanki, ko cinikin da wai suka rasa a makonnin da wurin yake jira. Sakin layin horo da bincike kawai ya ambata, a tsaya a kansu.

Kuma in suka turo tayin wani abu suka ce shi ne biyan ƙarshe, ya yi lissafi kafin ya ce to, domin da ya amince a rubuce ƙofar ragowar ta rufe. A ƙananan ƙararraki wanda ya faɗi ba ya biyan lauyan ɗaya ɓangaren, sai in an same shi da rashin hankali a tafiyar da ƙarar, amma shi ma in ya ci ba za a biya shi nasa lauyan ba. In tazarar da ke tsakanin tayinsu da abin da yake nema ba ta kai fam 296 na kuɗin kotu ba, ya karɓa, da sharaɗin a rubuta ranar da kuɗin zai shiga asusunsa.