Kwamitin benenmu ya yanka mana dala 18,000, kuma an hana ni ganin takardu

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman mazauna Florida. Shawara nake nema, don Allah a sakaya sunana.

Shekara 4 ke nan da ni da maigidana muka sayi fulat a wani bene mai hawa shida kusa da teku, irin wanda ake kira kondo. Cikin ɗakinka naka ne, amma rufi da lifta da gareji na kowa da kowa ne, duk wata ana biyan ƙungiyar masu gidan. Satin da ya wuce na buɗe akwatin wasiƙa na tarar da takarda, wai kowane fulat zai biya dala 18,000 na gyaran ginshiƙai. Da ledar cefane a hannu na karanta ta, sai da na nemi matakala na zauna.

Ban ce ginin ba ya son gyara ba. A gareji akwai inda siminti ya ɓantare har rodi ya fito ya yi tsatsa, in ana ruwa bokiti ake tarawa. Abin da ya tsaya min a rai, maƙwabciyata ta ce kamfanin da aka ba aikin na surukin shugaban kwamiti ne. Na tare shugaban a bakin lifta na ce ina son ganin kwangilar, ya yi murmushi ya ce za a duba. Maigida ya ce kada mu ƙara biyan ko sisi sai sun nuna mana. Ni dai gabana faɗuwa yake. Yaya zan yi?

Ɗan Autan Miyami: Anti, gaskiyar maigidanki ce. Ku riƙe kuɗinku, in suka ji shiru da kansu za su kawo takardun har ƙofa.

Baban Yara, Tamfa: Auta, wannan shawarar tana iya raba mutum da gidansa. Hajiya, ki roƙi maigida ya janye maganar. A dokar kondo ta Florida, babi na 718, in ba ki biya ba ƙungiya na da ikon ɗora wa fulat ɗinku takardar bashi a ofishin gunduma, ta ƙara kuɗin ruwa da na lauya, daga ƙarshe ta nemi kotu ta sayar da shi. Fushinki da kwamiti ba ya sauke wannan nauyin. Sannan wanda ake bi kuɗin ƙungiya ba ya tsayawa takarar kwamiti, in bashin ya wuce dala 1,000 kuma ya haura kwana 90, ana iya dakatar da ƙuri'arsa. Kin ga kin ɗaure hannunki da kanki ke nan. Ki tambaya ko za a karɓa kashi-kashi, ki ci gaba da biya, faɗan kuma a yi shi da biro.

Yaya Babba, Olando: Ƙanwata, maganar bakin lifta iska ce ke ɗauke ta. Rubuta wasiƙa, ki aika ta gidan waya irin wadda sai an sa hannu ake karɓa, ki adana rasit. Ki ce a matsayinki na mai gida kina son duba takardun ƙungiya, ki ambace su ɗaya bayan ɗaya: rahoton injiniya, kwangilar, tayin duk kamfanonin da suka nemi aikin, bayanin zaman da aka yanke kuɗin, da lissafin asusun ajiya. Ba sai kin faɗi dalili ba. Doka ta ba su ranakun aiki 10. In suka wuce, ana ɗauka da gangan suka ƙi, kina iya neman diyyar dala 50 a kowace rana har kwana 10. Kuɗin ba wani abu ba ne, amma ki ga yadda murmushi zai koma amsa.

Da takardun sun zo hannunki, fara da tayi. Aikin da ya wuce kashi 5 cikin 100 na kasafin shekara sai an nemi tayin kamfanoni daban-daban, sai dai in gaggawa ce, ko da yake ba dole ne su ɗauki mafi araha ba. Ki kuma duba ko an sanar da ku zaman kwana 14 kafin a yi shi, don haka doka ta ce in za a yanka kuɗi na musamman. Batun suruki kuwa, ba shi aiki kaɗai bai zama laifi ba. Ɓoyewar ce laifi. Dole a bayyana dangantakar, a sa ta a ajanda, shugaban ya fita daga ɗakin, kashi biyu bisa uku na sauran 'yan kwamitin da ke wurin su amince. Ko bayan haka, a taron masu gidaje na gaba kowa na iya neman a kaɗa ƙuri'a, rinjayen mahalarta ya soke kwangilar. In ba ki ga alamar wannan a bayanin zaman ba, to kin kama bakin zare, ki kai ƙara hukumar DBPR ta jihar Florida mai sa ido kan kasuwanci da sana'o'i, sashen da ke kula da kondo.

Kawu Mai Ritaya: Bari in shigo ta ɗaya ɓangaren, don na yi shekara 3 a kwamitin benenmu, ba albashi, ba na gode, sai waya da tsakar dare wai famfo ya fashe. 'Yata, ki tuna Surfside, garin nan da ke kusa da Miyami. Ranar 24 ga Yuni, 2021, benen Champlain Towers South mai hawa 12 ya rufta, mutum 98 suka rasu. Tun 2018 injiniya ya yi gargaɗi kan lalacewar simintin, aka yi ta jan ƙafa, kuɗin gyaran da aka yanka daga baya ya kai kusan dala miliyan 15. Shi ya sa a 2022 jihar ta wajabta binciken lafiyar duk benen kondo mai hawa uku zuwa sama idan ya tsufa, ta kuma hana tsohuwar al'adar nan ta masu gidaje su kaɗa ƙuri'a su ƙi tara kuɗin gyaran ginshiƙai da rufi. Da yawa kuɗin da ake yanka wa mutane yanzu bashin shekarun da aka ci bulus ne. Rodin nan da kika gani ya fi surukin tayar min da hankali.

Amma ban wanke shugabanku ba. Amana ce a wuyansa a idon doka, kuma tun gyaran dokar da aka yi a 2024 karɓar na goro daga ɗan kwangila babban laifi ne mai kai mutum kurkuku. Abin da nake roƙo, kada ki kira shi ɓarawo a zauren WhatsApp na bene kan jita-jitar maƙwabciya. Ƙarar ɓata suna a ƙasar nan ba ta da wuya.

Maman Biyu: In ta tabbata ya ɓoye, ba sai kun jira zaɓe ba. Fiye da rabin masu ƙuri'a suka sa hannu a takardar tsigewa, ya sauka. Mun yi a namu. Wahalar ita ce samo masu fulat ɗin da suka zuba 'yan haya suka koma wata jiha. Ki nemi jerin sunayen masu gidaje a cikin wasiƙar tun yanzu, kuma kafin ku fara tara sa hannu ku ga lauyan kondo ko na awa ɗaya ne, don kuskure kaɗan a takardar yana rusa ta.

Mai neman shawara: Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Na karanta wa maigida amsar Baban Yara, ya yi shiru, can ya ce a biya kashin farko. Wasiƙar na rubuta, gobe da safe zan kai gidan waya. Kawu, na ɗauki hoton rodin ma. Yaya Babba, ranakun aikin nan 10, daga ranar da na aika ake ƙirgawa ko daga ranar da suka karɓa?

Yaya Babba, Olando: Daga ranar da suka karɓa. Shi ya sa na ce ki riƙe rasit ɗin nan da kyau.