Don Allah a ba ni shawara: cakulan zai iya tsaya min a madadin maganin hawan jini?

Mai neman shawara: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ɓoye sunana. Ina cikin damuwa, kuma na rasa wanda zan faɗa wa bai hau ni da faɗa ba. Tun bayan haihuwata ta ƙarshe aka ce ina da hawan jini, aka ɗora ni a kan magani. Abin da ya sa nake tsoron ciwon nan, shi ne ajalin mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta. Shekara da shekaru tana shan magani ba fashi, safe da dare. Ni ke ƙirga mata ƙwayoyin, ni ke raka ta asibiti, don yayyena duk aure ya kai su nesa. Duk da haka ƙarshe ɓarin jikinta ya shanye, muka yi ta jinya har Allah ya karɓi abarsa. Har yau in na ga kwalin magani sai gabana ya faɗi. Babbar yayarmu ba ta gane wannan, da na fara magana sai ta ce na cika raki, alhali ita ba ta taɓa kwana ɗaya a gefen gadon ba.

To kwanaki na ga wani bidiyo, ana cewa cakulan na sauke jini, yana gyara zuciya, har ciwon suga yana karewa. Na fara ci kullum, kuma wallahi ina jin daɗin jikina, ciwon kan ma ya ragu. Maganin dama yana kumbura min ƙafa, sai na rage shi. Matsalar yanzu kayana sun fara matse ni, da dare kuma ƙirjina na zafi. Maigidana ya ga takardun cakulan a jakata, ya ce wasa nake da rayuwata. Shin da gaske yana maganin hawan jini? Nawa ya kamata in ci a rana? Don Allah ban da zagi.

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Mama, ke kuma ya ba ki lafiya. Wane irin cakulan kike ci? Ba ki faɗa ba. Kuma "na rage" ɗin nan, rabi kike sha ko kin ajiye gaba ɗaya? Yaushe rabonki da awon jini?

Yaya Mai Bincike: Ƙanwata kwantar da hankalinki, bidiyon bai yi ƙarya ba, zancen ne bai ƙarasa miki ba. Na daɗe ina bibiyar maganar nan, ki saurare ni da kyau.

Amfanin yana cikin 'ya'yan kokon da ake yin cakulan da su. Akwai wani sinadari a ciki mai suna flabanol, shi ke sa jijiyoyin jini su saki su buɗe, jini ya wuce ba tare da zuciya ta wahala ba. Abin da ya ja hankalin masana tun farko shi ne mutanen Kuna da ke tsibiran ƙasar Fanama. Suna shan ruwan koko kofi-kofi kullum, kuma ko sun tsufa hawan jini bai cika kama su ba, amma 'yan uwansu da suka koma birni sai jininsu ya riƙa hawa da shekaru. A 2012 hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta amince cewa miligiram 200 na flabanol a rana na taimaka wa jijiyoyin jini, ta ce giram 10 na baƙin cakulan mai yawan flabanol ya isa ya ba da hakan. Giram 10 fa, ɗan gutsure ke nan.

Saboda haka baƙi za ki nema, mai ɗaci, wanda aka rubuta kashi 70 cikin 100 na koko ko sama da haka a jikinsa. Mai madara kusan rabinsa suga ne. Farin kuwa babu garin koko a cikinsa ko kaɗan, man koko ne da madara da suga. A ƙarshen 2024 masu bincike na Jami'ar Harvard sun fitar da sakamakon bibiyar dubban mutane na tsawon shekaru: masu cin baƙin sau biyar ko fiye a mako haɗarin kamuwarsu da ciwon suga ya yi ƙasa da kashi 21 cikin 100, masu cin mai madara kuwa ƙiba suka ƙara. Ga maganesiyam da sinadarin ƙarfe a cikin baƙin. Ni kullum sai na ci, kuma ban san hanyar asibiti ba.

Mai neman shawara: Na gode Yaya, ka ɗan sanyaya min rai. Gaskiya mai madara nake ci. Baƙin na gwada, ɗaci gare shi kamar maganin da nake gudu. Amma ai shi ma an rubuta koko a jikinsa, ba zai rasa amfani ba ko? Babba ɗaya nake cinyewa a rana, in raina ya ɓaci biyu.

Maman 'Yan Biyu: Har yanzu ba ki ba ni amsar maganin ba.

Uwar Yara: Ni ko sunan cakulan ba na son ji. Duk ranar da yarana suka je wajen kakarsu sai sun dawo da shi cike da aljihu. Na yi magana a hankali, na yi ta bakin babansu, an ce na cika iyayi, wai ita ma ta raini 'ya'ya. Yanzu ga ƙaramin da haƙora a ruɓe, dare ya yi yana ihu, ni kaɗai ke tashi. Ranar da aka cire masa haƙori ko leƙowa ba ta yi ba. A ce wai abin nan magani ne? Ki watsar da shi kawai 'yar uwa.

Hajiya: 'Yata, kumburin ƙafar nan na san shi. Ni ma na kai kuka, likitan ko ɗago kai bai yi ba, yana ta rubutu, ya ce in rage gishiri in dawo bayan wata uku. Takalmina duk sun daina shiga. Su ne suke sa mutum ya koma neman magani a waya, kafin ka gama bayani an kira na bayanka. Ban ce ki daina sha ba fa, amma ban ga laifinki ba.

Anti Nas: Ƙanwata, aikin jinya nake yi, kuma zan gaya miki abin da ba za ki so ji ba. Ki koma kan maganinki yadda aka rubuta miki, yau ba gobe ba, sannan ki je a auna ki.

Abin da Yaya ya faɗa game da flabanol gaskiya ne, amma bai gaya miki girman amfanin ba. A 2017 ƙungiyar Cochrane, mai tantance binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan koko da hawan jini, abin da ya fito shi ne yana sauke jini da kimanin maki 2. In jininki 160 ne, ya koma 158, me aka yi? Ƙwaya ɗaya ta magani kan sauke ninkin haka sau huɗu ko biyar. Kuma wannan maki 2 ɗin da koko mai yawan flabanol aka same shi, ba da mai madarar da ke jakarki ba.

Jin daɗin jiki ba awo ba ne. Yawancin masu hawan jini ba sa jin komai sai ranar da ya kayar da su. Kumburin ƙafa kuma, in maganin amlodifin aka ba ki, sanannen abu ne yana sa shi. Akwai wasu magungunan, canza miki za a yi ko a rage ƙarfinsa a haɗa da wani, ki dai buɗe baki ki faɗa. Zafin ƙirjin da alama ƙwannafi ne, cakulan na sassauta bakin ciki sai ruwan ciki ya taso, musamman in an ci dab da kwanciya. Amma mai hawan jini ba ta yanke wa ciwon ƙirji hukunci a gida. Matsewar kaya ba sai an tambaya ba: giram 100 na cakulan ya haura kalori 500, mai madara kuma da suga wajen giram 50 a ciki, wanda shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya ci a yini guda. Ƙiba kuwa hawar da jini take yi.

Yaya Mai Bincike: Da girmamawa Anti, ku ma'aikatan asibiti da an ambaci abinci sai ku ɗaure fuska. Me ya sa ba ki kawo gwajin COSMOS ba? An yi shi a Amurka, mutum sama da 21,000, sakamako ya fito a 2022. Waɗanda aka bai wa flabanol mutuwarsu ta ciwon zuciya ta ragu da kashi 27 cikin 100. Wannan ma maki 2 ne? Ƙanwata ki koma baƙi, ɗacin na 'yan kwanaki ne, baki zai saba.

Anti Nas: Tunda ka kawo shi mu ƙarasa. Kafso aka ba su mai miligiram 500 na flabanol, babu suga babu mai, ba cakulan ba. Babbar tambayar da aka shirya gwajin dominta, wato ko bugun zuciya da shanyewar jiki da makamantansu za su ragu a jimla, ba ta ba da gamsasshen bambanci ba. Kashi 27 ɗin daga tambayoyin gefe ya fito, su kansu masu binciken sun ce sai an ƙara tabbatarwa. Kamfanin Mars mai yin cakulan na cikin waɗanda suka ba da tallafin aikin, kuma ba wanda aka ce ya ajiye maganinsa. Na Harvard ɗin tambayar mutane aka yi me suke ci aka bi su, ba ya nuna cakulan ɗin ne ya kare su. Kashi 70 da kake ta nanatawa ma ba ya nuna yawan flabanol, don gasawa da sarrafa koko da sinadarin rage ɗaci na kashe mafi yawansa, kuma ba kasafai ake rubuta abin da ya rage a jikin takarda ba.

Ɗalibi: Ni dai dariya binciken cakulan ke ba ni. A 2015 wani ɗan jarida, John Bohannon, da gangan ya shirya gwaji mara kan gado da mutum 15, ya ce cakulan na rage ƙiba, don ya ga ko jaridu za su ɗauka. Suka ɗauka kuwa, ƙasa-ƙasa. Wataƙila jikan wannan labarin ne ya iso wayar mai neman shawara.

Baban Gida: Ku da kuke tura ta ga baƙin, kun san a 2022 Consumer Reports, wata ƙungiyar gwada kayan masarufi ta Amurka, ta gwada baƙin cakulan iri 28 ta samu dalma da wani ƙarfe mai guba, kadmiyam, a dukkansu? Ni tun lokacin na hana shi shiga gidana.

Mai neman shawara: Innalillahi. Dalma kuma? To yanzu wanne zan kama? Wannan ya ce baƙi, wannan ya ce guba. Anti Nas na gode, amma ban daina maganin ba fa, duk ranar da na ji kaina ya yi nauyi ina sha. Ku ba ku ga abin da na gani ba. Mama ba ta taɓa tsallake ƙwaya ɗaya ba, me ya hana ta shanyewa? Kuma ba don kwaɗayi nake ci ba kamar yadda wasu ke nufi, shi kaɗai ne abin da ke kwantar min da hankali in yara sun yi barci.

Anti Nas: Ba wanda ya ce kwaɗayi. Amma shan sa ranar da kai ya yi nauyi kaɗai bai kare ki daga komai ba, maganin hawan jini kullum ake shan sa. Mama kuwa, ba ki san shekarun da maganin ya ƙara mata tare da ku ba. Ɗan gutsuren baƙi bayan abinci ba wanda zai hana ki, a kan magani, ba a madadinsa ba. Kuma damuwar nan da kike kwana da ita, ita ma ki faɗa wa likita. Kina shayarwa?

Yaya Mai Bincike: Maganar dalma kada ta tsorata ki, a giram 10 ba abin tashin hankali ba ne ga babba, yara da masu ciki ne ake ja wa kunne. In ɗacin ya dame ki fara da kashi 60 ki riƙa hawa.

Uwar Yara: Haka dai za a yi ta lallaɓa ki har haƙoranki su bi na ɗana.

Mai neman shawara: To na ji. Zan gwada baƙin, asibitin kuma in na samu wanda zai riƙe min yara zan leƙa. Yaya, garin koko zalla a ruwan zafi fa, ya fi cakulan ɗin? In ya fi, cokali nawa?

Yaya Mai Bincike: Ya fi nesa ba kusa ba, in dai marar suga ne kuma ba wanda aka kashe wa ɗaci ba. Cokali ɗaya ya isa. Kada ki sha da dare, akwai kafeyin a ciki.

Maman 'Yan Biyu: Jininki nawa ne a awon ƙarshe? Tun ɗazu nake tambaya.

Sabuwar Zuwa: Salam, ku yi haƙuri na shigo a makare. Maigidana na da ciwon suga kuma an taɓa cire masa tsakuwar ƙoda, shi ma zai iya cin baƙin?